Ciwon Damuwa Mai Tsanani: Abin da Aka Tabbatar da Inda Masana Suka Saɓa

A watan Yulin 2022 wata tawagar masu bincike ƙarƙashin Farfesa Joanna Moncrieff ta jami'ar UCL da ke Landan ta fitar da nazarin da ya tayar da ƙura. Sun bi diddigin binciken da aka tara shekara da shekaru, suka ce ba su ga ƙwaƙƙwarar hujja ba a kan cewa ƙarancin sinadarin sirotonin a ƙwaƙwalwa ne ke jawo ciwon damuwa. Nan da nan labarin ya zagaye duniya. Masu shan magani suka shiga ruɗu, suna tambaya ko dama can abin ba ciwo ba ne. Waɗanda tun farko suke ɗaukar lamarin a matsayin ragwanci suka sami abin kafa hujja. Likitoci da yawa kuwa cewa suka yi babu wani sabon abu a ciki, domin su sun daɗe da ajiye wancan bayani.

Har yanzu wannan ruɗani bai washe ba. Kafin a gane abin da nazarin ya rushe da abin da bai taɓa ba, sai an fara sanin me likitoci suke nufi da ciwon, mutum nawa yake kamawa, da kuma ta waɗanne ƙofofi yake shigowa.

Ina baƙin ciki ya tsaya, ina ciwo ya fara?

Babu ɗan Adam ɗin da ba ya shiga ɓacin rai. Wanda ya faɗi jarrabawa ko ya rasa aiki zai yi kwanaki ransa a jagule, amma idan aboki ya zo da labari mai daɗi zai yi dariya, idan an kawo abin da yake so zai ci. Ciwon damuwa mai tsanani ya bambanta da wannan ta fuskar daɗewa, da zurfi, da yadda yake hana mutum tafiyar da rayuwarsa.

Kundin da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ke fitarwa, wanda bugunsa na biyar ya fito a 2013, ya lissafa alamomi 9. Ana cewa mutum yana da ciwon ne idan aƙalla 5 daga cikinsu sun haɗu masa kusan kullum har tsawon mako 2, kuma dole a cikin biyar ɗin a sami ɗaya daga manyan biyu: ƙuncin rai mafi yawan yini, ko gushewar sha'awar abubuwan da a da suke faranta masa. Sauran su ne sauyin cin abinci da nauyin jiki, rashin barci ko yawansa, kasala, sanyin jiki wajen motsi da magana ko kasa zama wuri ɗaya, ganin kai ba komai ba tare da ɗora wa kai laifi fiye da ƙima, kasa tattara hankali ko yanke shawara, da yawan tunanin mutuwa. Kundin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda sabon bugunsa ya fara aiki a Janairun 2022, bai yi nisa da wannan ba.

A takarda abin kamar jerin kalmomi ne kawai. A zahiri ga yadda yake: mutum ya farka ƙarfe uku na dare, barci ya ƙi dawowa, tunani ɗaya yana ta kai da kawo a kansa har gari ya waye. Ya tsaya gaban tufafinsa ya kasa zaɓar wanda zai sa. Waya na ƙara, yana ganin sunan wanda yake ƙauna, amma ɗagawa ta zame masa aiki. Ya karanta layi ɗaya sau huɗu bai shiga kansa ba. Da yawa daga cikin masu ciwon ba sa ma cewa suna baƙin ciki. Cewa suke yi ba sa jin komai, daɗi da ɗaci duk sun zama ɗaya.

Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke tabbatar da ciwon. Likita yana dogara ne da tambayoyi, da tarihin mutum, da abin da na kusa da shi suka lura. Wannan ne ya sa iyakar take jawo gardama. Kafin 2013, ƙa'idar ita ce kada a yi saurin kiran wanda aka yi wa rasuwa mai ciwon damuwa a cikin watanni biyun farko. Da aka cire wannan togaciya, wasu manyan likitoci, ciki har da Allen Frances wanda ya jagoranci bugun da ya gabata, suka ce ana neman mayar da alhinin rashi cuta. Masu goyon bayan sauyin suka amsa da cewa rasuwa kan jefa wasu cikin ciwon na gaske, kuma bai dace a bar su wata biyu babu kulawa ba. Abin da ɓangarorin biyu suka fi yarda da shi shi ne bambancin kamanni: alhini yana zuwa yana lafawa, yana kewaye da wanda aka rasa, mai shi kuma ba ya raina kansa. Ciwon damuwa kuwa a zaune yake, kuma kan mai shi yake juyawa.

Wannan rarrabewa ba ta yau ba ce. Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a shekarar 934, ya bambanta baƙin cikin da ke da sanannen dalili da wanda ke afka wa mutum ba tare da wani dalili na fili ba, ya kuma danganta na biyun da yanayin jiki.

Akwai wani ciwo da ya wajaba a ware. Wasu mutane suna faɗawa cikin irin wannan ƙunci, sannan a wani lokacin su yi sama fiye da ƙima: barci kaɗan ya ishe su, magana ba tsayawa, kashe kuɗi ba lissafi. Wannan ciwo ne daban mai fuska biyu, kuma idan aka ba mai shi maganin damuwa kaɗai yana iya tunzura ɗaya fuskar. Shi ya sa likita mai lura yake tambayar ko an taɓa samun irin wannan lokaci a baya.

Mutum nawa?

Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bisa alƙaluman 2019 ya nuna kimanin mutum miliyan 280 ne ke fama da ciwon damuwa, wato kusan kashi 5 cikin 100 na manya. Ya fi yawa ga mata da kusan rabi, kuma wannan tazara ba ta bayyana sai daga lokacin balaga. Fiye da kashi 10 cikin 100 na masu juna biyu da masu jego suna fuskantarsa. A shekarar farko ta annobar korona, hukumar ta ce ciwon damuwa da na fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin 100 a duniya.

Waɗannan alƙaluma ƙiyasi ne, kuma suna da giɓi. A ƙasashe da yawa mai ciwon ba ya zuwa asibiti da maganar rai. Abin da yake kai wa likita shi ne ciwon kai da ya ƙi ji, nauyin ƙirji, saurin bugawar zuciya, mutuwar jiki. A yi gwaji a ga komai lafiya, a ba shi maganin ciwon jiki, bayan wata guda ya dawo. Irin wannan mutum ba ya shiga lissafi. Maza kuma sukan nuna nasu ta hanyar saurin fushi, shaye-shaye ko nutsewa cikin aiki, shi ya sa wasu masana ke ganin tazarar da ke tsakaninsu da mata ba ta kai yadda takarda ta nuna ba. Wasu kuma suna cewa tazarar gaskiya ce, suna nuni da sauyin sinadaran jiki lokacin ciki da haihuwa da ɗaukewar al'ada, da kuma cin zarafi da nauyin kula da iyali da suka fi faɗawa kan mata.

Ƙofofin da yake shigowa

Gado yana da hannu. Nazarin tagwaye ya nuna cewa kusan kashi 37 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane wajen kamuwa da ciwon yana da alaƙa da ƙwayoyin halitta, kuma wanda mahaifinsa, mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa na jini ke da shi ya fi sauran mutane haɗari ninki 2 zuwa 3. Sai dai babu wata ƙwayar halitta guda da za a nuna a ce ita ce. Wani babban bincike na 2019 da ya duba bayanan mutum sama da 800,000 ya gano wurare 102 a cikin ƙwayoyin halitta da ke da alaƙa da ciwon, kowanne da ɗan ƙaramin tasiri. Abin da ake gada shi ne sauƙin kamuwa. Ko ciwon zai zo ko ba zai zo ba, rayuwa ce ke da kaso mafi girma.

A nan ne aikin George Brown da Tirril Harris yake da muhimmanci. A shekarun 1970 sun yi hira da mata ɗaruruwa a unguwar Camberwell ta Landan, suka gano cewa mafi yawan waɗanda ciwon ya kama sun fuskanci wani babban rashi ko matsala mai tsanani kafin nan. Amma ba duk wadda ta fuskanci masifa ce ta kamu ba. Waɗanda suka fi faɗawa su ne marasa wanda za su buɗe wa ciki, da waɗanda suka rasa uwa tun suna ƙanana, da masu ƙananan yara da yawa a gida babu aikin yi a waje. Binciken da ya biyo baya ya ƙara nuna cewa abubuwan da suka haɗa da wulaƙanci, ko jin an makale babu mafita, sun fi sauran haɗari. Duka, cin zarafi da rashin kulawa a ƙuruciya suna cikin manyan abubuwan da ke sa ciwon ya fara da wuri kuma ya yi wuyar magani. Talauci da bashi da rashin aiki suna jawo shi, shi kuma yana ƙara su, saboda wanda ya kasa tashi daga gado ba ya iya nema.

Ta yaya masifar waje take zama ciwon ciki? Ɗaya daga cikin amsoshin tana cikin tsarin da jiki ke fuskantar haɗari da shi. Idan mutum ya tsorata, ƙwaƙwalwa tana aika saƙo a saki sinadarin kotizol, idan haɗarin ya wuce sai a rufe. A wajen masu ciwon damuwa da dama, musamman mai tsanani, wannan rufewa ba ta aiki yadda ya kamata. An kuma lura cewa wani sashe na ƙwaƙwalwa da ke kula da tuna abubuwa yakan ɗan ƙanƙance ga waɗanda ciwon ya daɗe yana dawo musu. Akwai kuma batun garkuwar jiki: maganin intaferon da aka daɗe ana bai wa masu ciwon hanta nau'in C yana tayar da garkuwa, kuma ya jefa marasa lafiya da yawa cikin ciwon damuwa alhali ba su taɓa yin sa ba.

Wani lokaci kuma tushen yana cikin wata cuta ce daban. Raunin ƙullutun tayirod da ke wuya, ƙarancin jini, ƙarancin bitamin B12 da wasu magunguna duk suna iya kawo alamomi iri ɗaya. Kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka sami shanyewar ɓarin jiki suna shiga ciwon damuwa daga baya.

Aaron Beck, likitan Amurka, ya duba ta wata fuskar a shekarun 1960. Ya lura cewa marasa lafiyarsa suna da wani salon tunani da ke maimaita kansa game da abu uku: ni ba ni da amfani, duniya ba ta da alheri gare ni, gobe ma haka za ta kasance. Mai wannan tunani yana riƙe kuskure ɗaya ya manta nasara goma. Daga nan sai ya janye daga mutane, janyewar ta rage masa abin farin ciki, rashin farin cikin ya tabbatar masa da tunanin. Wannan ne ya sa shawarar "ka daure" ko "cire abin a ranka" ba ta cika yin aiki ba. Ƙarfin da ake so mutum ya yi amfani da shi wajen daurewa shi ne ciwon ya fara cinyewa.

To, batun sirotonin fa?

Magungunan damuwa na farko da tsautsayi mai kyau aka same su. A shekarun 1950 aka lura cewa wasu masu tarin fuka da ake ba wani sabon magani sun koma cikin walwala. A 1957 Roland Kuhn na ƙasar Suwizalan ya ba da rahoton wani maganin da ya taimaki masu ƙuncin rai. Da aka gano cewa magungunan suna taɓa sinadaran da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da su, sai aka yi hasashen cewa ƙarancin sinadaran ne ciwon. Bayan amincewa da maganin damuwa na Prozac, mai ɗaga sirotonin, a Amurka a ƙarshen 1987, tallace-tallace suka yaɗa wannan hasashe kamar tabbatacciyar magana. Yana da sauƙin faɗa, kuma ya sauke wa marasa lafiya nauyin zargi.

Amma tun da daɗewa akwai abin da bai daidaita ba. Maganin yana ɗaga sirotonin cikin sa'o'i, sauƙi kuwa sai bayan makonni yake zuwa. Nazarin 2022 ya tattara irin waɗannan raunuka ne wuri ɗaya. Abin da bai bincika ba shi ne ko magungunan suna aiki, kuma wannan tambaya ce daban. Farasitamol yana kwantar da ciwon kai, amma ba wanda zai ce ƙarancin farasitamol ne ya kawo ciwon kan.

A kan tambayar aiki, babbar hujja ita ce nazarin da Andrea Cipriani da abokan aikinsa suka buga a mujallar Lancet a 2018. Sun haɗa gwaje-gwaje 522 da suka shafi mutum sama da 116,000, suka ga cewa dukkan magunguna 21 da aka duba sun fi ƙwayar da ba ta ɗauke da komai. Masu suka, irin su Irving Kirsch, ba su musa wannan ba. Abin da suke cewa shi ne ratar ƙarama ce idan aka ɗauki matsakaici, musamman ga mai ciwo mara tsanani. Masu kare magungunan suna amsawa da cewa matsakaici yana ɓoye waɗanda suka amfana sosai. Masu sukar sun yi nasara a wani wuri: a 2019 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Birtaniya ta yarda cewa barin maganin yana iya wahalar da wasu sosai kuma na tsawon lokaci, sannan ƙa'idar jinya ta Ingila ta 2022 ta ce kada magani ya zama zaɓin farko ga ciwo mara tsanani sai idan mara lafiya ne ya fi son haka. Duk da wannan saɓani, babu ɓangaren da ke ba da shawarar a ajiye magani rana ɗaya. Ana rage shi ne a hankali tare da likita.

Abin da yake janyowa idan aka bar shi

Ciwo ne mai dawowa. Kusan rabin waɗanda suka yi shi sau ɗaya za su sake, kuma duk dawowa tana sauƙaƙa ta gaba. Saboda haka ake so mutum ya ci gaba da magani aƙalla wata 6 bayan ya ji sauƙi.

Illarsa ba ta tsaya a rai ba. Masu ciwon damuwa sun fi kamuwa da ciwon zuciya da ciwon suga, masu waɗannan cututtuka kuma sun fi kamuwa da shi. Wanda ya sami bugun zuciya sannan ya shiga damuwa ya fi haɗarin mutuwa a kan wanda bai shiga ba. Wani ɓangare na dalilin a fili yake: wanda ya yanke ƙauna ba ya damuwa da shan magani a kan lokaci ko komawa ganin likita. Wasu suna neman sauƙi a giya ko ƙwayoyi, su wayi gari da ciwo biyu. A wajen tsofaffi, mantuwa da sanyin tunani kan sa a ɗauka ciwon mantuwa ne, a bar abin da ke da magani. A matakin da ya fi tsanani mutum yana iya gaskata abin da babu, kamar cewa ya tsiyata iyalinsa ko cikinsa ya ruɓe, har ya daina ci da sha.

Iyali ma suna ɗaukar nasu kaso. Ƴar damuwar da mai jego ke ji a kwanakin farko takan wuce cikin mako 2. Idan ta zarce haka, tana shafar shayarwa da shaƙuwa da jariri, kuma bincike a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ya danganta ta da rashin girman yara yadda ya kamata. A wurin aiki, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa damuwa da fargaba suna cinye ranakun aiki biliyan 12 a kowace shekara, asarar da ta kai dala tiriliyan 1.

Mafi muni shi ne kashe kai. Sama da mutum 700,000 ne ke mutuwa ta wannan hanya duk shekara, kuma yana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu shekara 15 zuwa 29. Maza sun ninka mata fiye da sau biyu a wannan mutuwa, duk da cewa mata sun fi kamuwa da ciwon. Mafi yawan masu ciwon damuwa ba sa kai wa nan, amma alamu irin su maganar cewa mutane za su huta idan babu shi, rabar da kayan da yake ji da su, ko natsuwar farat ɗaya bayan dogon ƙunci, suna buƙatar a kai mutum asibiti a ranar. Bincike ya nuna cewa tambayar mutum kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa ba ta cusa masa tunanin. Makonnin farko na shan magani ma lokaci ne na sa ido, musamman ga masu ƙasa da shekara 25, abin da ya sa hukumar magunguna ta Amurka ta sanya gargaɗi a kan kwalayen.

Magani akwai, isa gare shi ne matsalar

Jinya ta hanyar tattaunawa, irin wadda ta samo asali daga aikin Beck, tana aiki kusan daidai da ƙwaya ga ciwo mara tsanani da matsakaici, haɗa biyun kuma ya fi ga mai tsanani. Motsa jiki yana taimakawa. A wani babban gwaji da aka yi a Amurka da mutum kusan 4,000, kusan ɗaya cikin uku ne kawai suka warware da maganin farko, don haka canza magani ba alamar ƙarewar dabara ba ce. Ga wanda rayuwarsa ke cikin haɗari akwai jinyar lantarki, wadda aka fara a Italiya a 1938, yanzu kuma ana yin ta ne bayan an sa mutum barci.

Duk da haka, fiye da kashi 75 cikin 100 na masu ciwon a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi ba sa samun kowace irin jinya, saboda ƙarancin ƙwararru, tsada, da tsoron a kira mutum mai taɓin hankali. Horar da isassun likitocin ƙwaƙwalwa zai ɗauki shekaru masu yawa, shi ya sa aka koma gwada koyar da waɗanda ba likitoci ba. A Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da dattawan mata ma'aikatan lafiya na unguwa su zauna da masu damuwa a kan benci a harabar asibiti, su taimaka musu su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya cikin zama 6. A gwajin da aka buga a 2016, bayan wata 6 kusan kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna a bencin ne suke da sauran alamomin ciwon, a cikin waɗanda ba su zauna a bencin ba kuwa kusan rabi. Wanda aka ga yana cikin haɗarin kashe kansa, ko ciwonsa ya ƙi lafawa, ana miƙa shi ga ƙwararre.